Godiya ga ma'aikatan gidan zane na Gidauniyar Zinsou a Wida

Assalamu alaikum.

Ni malamin zane ne a wata sakandare da ke Samaru, Zariya. A hutun da ya gabata na bi ƙanena zuwa Kwatano inda yake saro kaya, na tafi da 'yata mai shekara 13. Jamhuriyar Benin ba ta da faɗi ta bakin teku, daga Kwatano zuwa Wida wajen kilomita 40 ne kawai, don haka muka yi sammako muka zo wurinku.

Mun iso da ƙurar hanya, ba mu jin Faransanci. Ina laluben aljihu a bakin ƙofa, sai aka ce mana shiga kyauta ne. Wata ma'aikaciyarku ta lura muna ta kallon rubutun bango ba mu fahimta, ta samo wani matashi da ya taso a Zongon Kwatano ya yi mana tafinta. Ita ta fara ba mu tarihin ginin, Villa Ajavon, wanda aka gina a 1922 da salon ginin 'yantattun bayin da suka dawo daga Brazil, kuka gyara shi kuka buɗe a 2013.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru a gaban aikin Romuald Hazoumè, wani mai fasaha ɗan Benin. Fuskoki ne da ya yi da tsofaffin jarkokin fetur: mariƙin jarka ya zama hanci, bakinta ya zama baki. Yarinyar ta tsaya cak, ta ce, "Baba, ai irin jarkar 'yan bumburutu ce!" Ma'aikaciyar ta ce ta yi daidai, da irinsu ake ɗauko man Najeriya a kan babur a tsallaka iyaka, kuma mutane da dama sun ƙone a wannan sana'a. Ba ta hanzarta mu ba, ta bar yarinyar tana ta tambaya har ta gaji don kanta. Shekara da shekaru ina faɗa wa ɗalibaina cewa kayan zane na nan a ƙofar gidansu, ban taɓa ganin maganar ta shiga kunnen yaro kamar ranar ba.

Mun wuce bakin teku mun ga ƙofar da ake tunawa da bayin da aka kwashe, muka koma Kwatano da yamma.

Tun dawowarmu ta sa ni kai ta ƙofar fadar Zazzau sau biyu, tana kwafar zanen bangon a littafinta. Jarkoki uku suna ajiye a bayan ɗakin mahaifiyarta, ta hana kowa taɓawa.

Allah ya saka muku da alheri, ku da matashin nan. Idan hanya ta kawo ɗayanku Zariya, masaukinsa na gidana, kuma ni da kaina zan kai shi ya ga wurin Masallacin Juma'a, inda shahararren magini Babban Gwani ya ɗaura bakan gizon rufi a ƙarni na 19.

Naku,
Malamin zane, Samaru, Zariya