Sanarwa: wasan yara na ranar Asabar

Assalamu alaikum iyaye mata, ya yaran?

Ranar Asabar ɗin nan ƙarfe 4 na yamma zamu haɗu inda muka saba, wannan karon da takardar foyil ta alminiyam za a yi wasa. Yara zasu lanƙwasa ta su yi ƙananan jiragen ruwa, a ɗora a baho suna zuba tsakuwa ɗaya bayan ɗaya har jirgi ya nutse, wallahi wannan ya fi komai burge su. Sai kuma a ɗora ta kan ganye a goga da yatsa, zanen ganyen ya fito raɗau.

Kowacce ta taho da naɗin foyil ɗaya, amma don Allah ki yanko tun a gida, bakin kwalin akwai kaifi. Masu ƴan ƙasa da shekara 3 a sa ido sosai kar su kai baki.

Sai mun haɗu, Allah ya raya mana su.