Ni da ɗalibaina da Gatsby

Salamu alaikum mutumina, ya sanyin can, ya iyali? Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Ka ce in ba ka labarin aiki, to wannan zangon adabin Amurka aka ɗora min, kuma The Great Gatsby na F. Scott Fitzgerald muke kai, wanda ya fito a 1925. Wallahi da farko yaran nan littafin soyayya suka ɗauke shi, wai Gatsby na son Daisy, ita kuma ta auri mai kuɗi, shi kenan. Sai da na zaunar da su na ce ku tsaya, daga 1920 zuwa 1933 an haramta sayar da giya a Amurka, da fasa-ƙwaurinta mutumin nan ya yi kuɗi, asalin sunansa ma James Gatz ne, ɗan talakawan manoma daga North Dakota. Tom mijin Daisy kuwa a cikin dukiya ya tashi, shi ya sa duk liyafar da Gatsby ke haɗawa a gidansa na unguwar West Egg, a wurin su Tom bai wuce ɗan kwana-kwanan arziki ba. Da suka gane maganar asali ce sai aji ya kaure da musu, kowa na da abin faɗa.

Amma inda ya fi dukansu jana'izar Gatsby ce. Daisy ce ke tuƙi ta kaɗe Myrtle, farkar Tom, har ta mutu, Gatsby ya rufa mata asiri, mijin Myrtle ya zo ya harbe shi a wurin ninƙaya na gidansa. Mutumin da gidansa ke cika maƙil duk ƙarshen mako, ranar binne shi sai mahaifinsa da Nick maƙwabcinsa da 'yan aikin gida da wani baƙo mai tabarau, Daisy ko saƙon gaisuwa ba ta aiko ba. Wata ɗaliba sai tambayata take ina maƙwabta, ina waɗanda suka ci nasa, ta ƙi yarda ana haka.

Ni yanzu Nick nake so su tuhuma, shi ke ba da labarin, yana yabon kansa da gaskiya alhali a gidansa ya haɗa Gatsby da matar aure. Har yanzu rabin ajin na kare shi.

Tun 2021 haƙƙin mallakar littafin ya ƙare a Amurka, a waya ma suke karantawa kyauta, kai ma ka sauke ka karanta mu yi gardama. Ka gaida min madam da yara.

Naka,
Bashir