Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Ɗaliban Ilimin Duwatsu a Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi. Ga abin da Allah Ya ba mu ikon yi a shekarar da ta wuce.

Yawancin zaman karatunmu a kan aisotof ɗin silikon ya ƙare, wato ire-iren ƙwayar zarrar wannan sinadari na cikin duwatsu da suka bambanta a nauyi. Iri uku ne: 28, wanda ya haura kashi 92 cikin 100, sai 29 da 30. In narkakken dutse yana hucewa, ma'adanan da ke fitowa ba sa raba su daidai. Olibin, koren ma'adini da ke cikin masu fara daskarewa, ya fi jan mara nauyin, wato 28, ma'adanan feldisfa da kwaz kuma mai nauyin, wato 30, ya ɗan ƙaru a cikinsu. Binciken 2011 a kan dutsen Hekla na Aisland ya nuna cewa silikon 30 na ƙaruwa gwargwadon yawan silika (haɗin silikon da iskar oksijin) a dutse. Mu kuma muna so mu ga ko haka abin yake a nan Saudiyya.

Shi ya kai mu Harrat Rahat, filin daskararren aman dutse da ke kudu da Madina, inda dutse ya yi aman wutar da tarihi ya rubuta a 654 Hijira, wato 1256. Mun ɗebo duwatsu iri biyu: baƙin basalt, mai kaifin da ke cinye tafin takalmi, da tarakait mai haske wanda ya fi shi silika. Allah Ya saka wa iyayenmu Hausawan Madina da suka sauke mu.

Aikin da ya fi cin rai shi ne tsinta. A daka dutse, a tankaɗe, a wanke, sannan a zauna gaban madubin ƙara girma ana ɗaukar koren ƙwayar olibin ɗaya-ɗaya da matsefata. Wasu sun ƙosa, kuma ba mu ga laifinsu ba. Amma bambancin da muke nema bai kai kashi 1 cikin 1000 ba, rairayin da iska ke kwasowa kuwa akasari kwaz ne. Kaɗan ya faɗa ciki, awo ya lalace. Don haka kwamiti ya ƙi karɓar duk samfurin da aka bari a buɗe.

Awon kansa ba a yi ba tukuna. Sai an narka garin da soda mai ƙuna a tukunyar azurfa kafin ya shiga na'urar awo, asusunmu kuwa bai kai nan ba. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a ga ma'aji kafin taro mai zuwa.

Wassalam,
Sakatare