Yaya, ga amsar tambayarka kan layin da muka tsallake

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya iyali, ya damina? A gaida Anti da yara, a gaida Gwaggo ta Tudun Wada, ace mata man zafin nan yana cikin jakar Hajiya zata taho mata dashi in sha Allah.

Naga saƙonka kan hotunan da na turo, kace ya akayi muka hau abubuwa da yawa haka a yini ɗaya bayan kowa cewa yake layi ke cinye ranar mutum a wurin wasan Disney World. Toh gaskiya kuɗi muka ƙara Yaya, kuma tunda kace kana so ka kawo yaranka wata rana bari in faɗa maka yadda abin yake tun daga tushe.

Wurin da muka je shine Magic Kingdom, cikin Disney World ɗin nan na kusa da Orlando wanda aka buɗe tun 1971. Kuɗin shiga daban, shi wannan in ka biya ka shiga kenan, duk lilon da kake so sai ka bi layi ka hau. Sai kuma wani abu da suke kira Lightning Lane, a waya ake saya, ka zaɓi abubuwa 3 tun daga gida su baka lokaci, misali tsakanin ƙarfe 11 da 12, in kaje sai ka bi ta wata ƙofa ta gefe, in kayi amfani da ɗaya ka sake zaɓar wani. Manyan da kowa ke rububi kuma wasunsu basa ciki, sai ka sake biya daban. Da can ma kyauta ne, FastPass sunansa, tun 1999 ake bayarwa har zuwa lokacin korona, a 2021 ne aka maida shi na kuɗi, dala 15 kowane mutum a farko, yanzu kuwa farashin ranar yake bi, ranar da mutane suka fi yawa yafi tsada. Mu biyar ne, kaga sai ka ninka biyar.

Saboda Hajiya na saya ba don komai ba. Kasan gwiwarta, ga zafin Fulorida na wannan lokacin irin mai gumi ɗin nan kamar ana shirin hadari a Zariya amma ruwan yaƙi sauka, ba zan iya kallonta tana tsaye awa guda a rana ba don jirgin ruwan da bai wuce minti goma ba.

Amma wlh abinda ya faru a ƙofar farko har yanzu yana raina. Jungle Cruise ne, wanda ake zagayawa da mutum a kwale-kwale yana ganin giwaye da dorinar roba. Mun nufi ƙofar gefe sai Hajiya ta ja hijabina tace "ke ina zamu, ba ga layi can ba?" nace mun biya ne Hajiya, tace "kun biya ku wuce mutane?" Ga wata mata a ɗaya layin da yaro yana barci a kafaɗarta, ta jiƙe sharkaf da zufa, muna wucewa Hajiya ta sunkuyar da kai kamar wadda ta ɗauki abin wani. Nayi ta mata bayani cewa ba cin hanci bane, masu wurin ne da kansu suke sayarwa a fili, tace toh ai mai shiga gidan mai ta baya lokacin wahalar fetur shima kuɗinsa yake bayarwa. Na rasa me zance mata, sai na tuna 2023 lokacin canjin kuɗi yadda kake kaita banki a PZ tun asuba ta karɓi lamba, sai wani yazo da rana tsaka a shigar dashi. Kuma tana da gaskiya ta wani ɓangaren, kujerun jirgin ƙidayayyu ne, duk wanda ya shigo ta gefe wani a can layin ne ya ƙara jira.

Daga baya dai da rana ta take ita da kanta ta daina magana, don ta samu ta zauna a inuwa tana cin cincin ɗin da muka shigo dashi, suna barin mutum ya shiga da abincinsa, ruwan ƙanƙara ma in ka tambaya a wurin saida abinci kyauta suke baka.

Ni dai abinda na gani, in yini ɗaya kawai gareka, ko kana da tsoho ko ƙananan yara, ko lokacin hutun makaranta ne, ka saya kar kayi ta lissafi, tunda ka riga ka kashe na jirgi da na otal ba zai yiwu ka ƙare da hawa abu huɗu ba. Yaranka kuwa sun girma Yaya, ƙafarsu lafiya lau, in kun zo ranar makaranta kuka isa ƙofa kafin a buɗe, da farkon buɗewa layin da sauƙi, haka ma da dare lokacin da kowa ya tafi kallon wasan wuta. Ku fara da Space Mountain, lilon nan mai gudu cikin duhu, da sassafe, kuɗin nan ku ajiye. Universal, wani wurin wasan daban a Orlando, suma suna da irin wannan, nasu ba ruwansa da zaɓar lokaci amma yafi wannan tsada nesa ba kusa ba, bamu gwada ba.

Hajiya tace in faɗa maka a duba mata rufin ɗakinta kafin ruwan Agusta, wajen taga yana yoyo, zan turo kuɗin kwano ƙarshen wata. Ka kira da daddare ku gaisa, bayan isha'inku mu nan la'asar ce.

Ƙanwarka.