Zuwa ga ɗana, malamin yara a Japan

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan, na ga gara in zauna in rubuto maka, don waya ba ta isar mu. Awa takwas ke tsakaninmu: ina dawowa daga Azahar kai kana haramar kwanciya, ga gajiya a muryarka. Ranar Lahadi ka ce mini wata shida ke nan kana shiga aji kana fita, amma ba ka ga abin da ka shuka ba. Ka ce malamar ajin takan tsayar da kai gaban allo ka furta kalma yara su maimaita, kamar an kunna rediyo an kashe. Ka ce akwai wata yarinya 'yar aji uku da ba ta taɓa buɗe baki ba, in ka matso sai ta sunkuyar da kai. Daren nan ban yi barci da wuri ba, domin na san wannan ciwon. Na yi shekara talatin da biyar da alli a hannu.

Ka fara lissafa abin da aka ba ka tukuna. Kai da kanka ka gaya mini sai a 2020 aka sauko da Turanci zuwa aji uku da huɗu a makarantun firamarensu, darasi ɗaya a mako, minti 45. 'Yan aji biyar da shida kuma biyu a mako. Darasi ɗaya a mako, ɗana! Yaron da ke fama da rubutun harshensu iri uku, haruffan hiragana 46, da katakana 46, ga kuma kanji sama da dubu da ake so ya iya kafin ya gama firamare, shi kake so ya tashi da Turanci a baki cikin wata shida? Ba a ɗauko ka don ka cika musu ciki da nahawu ba. Shirin JET da ya kai ka, tun 1987 yake kawo matasa daga ƙasashe daban-daban, kuma rabin amfaninsa shi ne yaro ya ga baƙo ya daina jin tsoronsa. Wannan aikin kuwa ba a allo ake ganin sakamakonsa ba.

Bari in ba ka labarin da ban taɓa ba ka ba. A 1976, shekarar da aka buɗe shirin UPE na ilimin firamare kyauta, aka tura ni wani ƙauye, ina saurayi da sabuwar takardar malanta. Yara sun fi saba'in a ajina, wasu a kan tabarma, wasu a ƙasa. A lokacin doka ce a makarantarmu: duk wanda ya yi Hausa a aji sai bulala. Na bi dokar nan da hannuna, kuma har yau ina neman gafarar Allah a kanta, domin abin da na koya wa yaran nan shi ne shiru. A cikinsu akwai wani ɗan Fulani daga ruga, ba Turanci, Hausar ma ƙanƙanuwa. Zango guda cur bai ce uffan ba. Wata rana da tara na same shi shi kaɗai a gindin darbejiya, garke na wucewa, sai na nuna saniya na tambaye shi sunanta da Fulatanci. Ya dube ni ya daɗe, sannan can ƙasa-ƙasa ya ce "nagge". Na maimaita, ban faɗa daidai ba. Yaron nan ya tuntsire da dariya, ya gyara mini, ya sake gyara mini har sau uku. Washegari shi ya zo da kansa ya koya mini "kosam" da "ndiyam", nono da ruwa, ni kuma na ba shi nasu na Turanci. Daga ranar bakinsa ya buɗe. Ya ga malam ma yana kuskure kuma ƙasa ba ta tsage ba.

To, abin da nake so ka yi ke nan da yarinyar nan da sauran 'yan uwanta. Ka koyi Japananci da gaske, kuma ka koye shi a gabansu, a bakinsu. Ka tambaye ta sunan abin da ke zane a jikin gidan fensirinta. Ka faɗa, ta gyara maka. Kada ka ɗauka girmanka zai zube. Yaro ba ya raina wanda ya nemi sani a wurinsa.

Kuma kai Bahaushe kana da wata dama da abokan aikinka daga Amurka da Ingila ba su da ita. Ka ce yara suna ce wa madara "miruku", tebur kuma "teburu", wasu malamai baƙi suna ganin abin dariya ne. Mu fa? Ina muka samo bokiti da burodi da sukundireba? Harshenmu ma ba ya son baƙaƙe su cunkushe wuri ɗaya, sai ya zura wasali a tsakani, kamar nasu. Su "r" da "l" ke rikita su, mu "p" da "f". Ka tuna yadda muka sha fama da kai a kan wannan kana aji huɗu. Sannan kunnenka ya riga ya san jan wasali: garin da ake zama daban, garin tuwo daban. Haka su ma "obasan" goggo ce ko inna, "obaasan" kuwa kaka. Ka san inda ƙaya take soke su domin ta taɓa soke ka. Ka gyara musu da taushi, sau ɗaya, ka wuce. Kada ka tsayar da yaro a tsakiyar jimla don harafi guda.

Maganar taɓa maka fata da gashi da suke yi, har wani ya goga yatsa ya duba, na san ba daɗi. Amma 'yan shekara takwas ne, a ƙaramin gari, wataƙila kai ne baƙar fata na farko da suka gani ido da ido. Ka durƙusa daidai tsayinsu ka amsa musu. In babba ne ya yi maka wulaƙanci, wannan daban ne, ka kai magana inda ya dace.

Abin da ya fi damuna shi ne da ka ce kana cin abincin rana kai kaɗai a ofishin malamai saboda naman alade. Ka yi daidai da ka kiyaye addininka, ba na son ka sassauta ko kaɗan. Amma ka nemi izini ka riƙa ɗaukar ƙunshinka zuwa aji. A can ne rayuwar makarantar take: yara sanye da fararen riguna suna raba wa juna abinci, su haɗa hannu su ce "itadakimasu", godiyarsu kafin cin abinci, kai ka yi bismillarka. Za su leƙa kwanonka su yi tambaya, kuma tambayar nan ta fi darasi goma. Haka lokacin shara. Tunda a can ɗalibai ne ke share ajinsu su goge daɓe da tsumma, ka tuɓe kwat ka ɗauki tsintsiya. Su koya maka "janken" ɗinsu, wasan hannu na dutse da almakashi da takarda, kai ka koya musu tafa-tafa da 'yar ƙirgar da kakarka ke yi muku.

Malamar ajin kuma kada ka riƙe ta a zuci. Ita ke koyar da lissafi da kimiyya da komai, aka ɗora mata Turancin da wataƙila ita ma tana jin kunyar furta shi a gabanka. Da ɗan gari akan ci gari. Ka same ta minti biyar kafin darasi da wasa ɗaya a rubuce, ka ce ko za a gwada. In ta ƙi, ka sake kawowa mako mai zuwa.

Sanyi ya kusa, kuma ka ce dusar ƙanƙara tana rufe hanya a wajenku. Ka sayi takalmi mai kyau, kada ka yi tsimi a nan. In Juma'a ta gagara saboda nisan masallaci, ka riƙe salloli biyar a kan lokaci gwargwadon iko, ka nemi ɗan lungu a makaranta. In ka yi bayani da ladabi ina sa ran za su ba ka.

Mahaifiyarka ta so ta aiko maka da kilishi, na gaya mata dokar ƙasar ba ta barin nama ya shiga. Ta ce to ka tambaya mata ko kuka da yaji za su wuce. Ƙannenka suna gaishe ka. In yarinyar nan ta yi magana, ko kalma ɗaya ce, ka kira ni ko da tsakar dare ne a nan, ina so in ji wace kalma ce.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare mana kai.

Mahaifinka.