A Riƙa Sanar Da Mu Tarukan Fasaha Da Agogon Najeriya

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu. Ni mai shagon buga takardu ne da gyaran kwamfuta a Gwallameji, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi. Ban taɓa taka matakalar jirgin sama ba, amma yau shekara biyar ke nan ina bin manyan tarukan fasaha na duniya daga kan bencin shagona.

Bari in fara da abin kunyar da ya same ni, don shi ne tushen roƙon da zan yi. Kowane watan Mayu kamfanin Google kan yi taronsa, Google I/O, a garin Mountain View na jihar Kalifoniya. Shekarar da na fara bi, na ga sanarwa a Facebook cewa ƙarfe 10 na safe za a buɗe. Na gayyato abokai uku, na sayo zoɓo, na ɗura wa janareto mai. Da muka buɗe YouTube sai ga rubutu wai saura awa takwas. Ashe goman tasu ita ce ƙarfe 6 na yammarmu. Har yau idan na makara wani wuri sai su ce agogon Amurka nake bi. Kuma shidan nan ma da sauran rina a kaba, domin ana cikin zafin bayani ladan zai kira magariba. Taron Apple na watan Yuni, WWDC, shi ma lokacinsa ke nan. Akwai baje kolin kayan fasaha na CES da ake yi a Las Vegas a Janairu, ga GITEX Africa da aka fara a Marrakesh ta Maroko a 2023.

Shekara biyun farko ni kaɗai nake kallo, kuma gaskiya ban tsinana komai ba. In saki baki ina mamakin abin da Turawa da Indiyawa ke nunawa, gari ya waye in koma kan na'urar buga takarduna mai cin takarda. Abin ya fara amfani ne da muka haɗu mu shida: ni, da ɗalibai biyu na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, da wata malama mai koyar da kwamfuta a sakandaren 'yan mata, da wani mai gyaran waya a Azare, da wani abokina a Gombe. Muka raba jawaban, kowa ya ɗauki ɗaya ya saurara da kyau, ya rubuta abin da ya gane da Hausa.

Da farko ta WhatsApp muke tura wa juna rubutun. Allah ya kiyaye. Sai ka ga fayil mai suna "na ƙarshe", can kuma "na ƙarshen ƙarshe", sai wani ya turo "wannan ne na gaskiya". Malama ce ta ce mu koma Google Docs, takarda ɗaya kowa ya shiga ya yi rubutu a cikinta. Ranar farko ina zaune ina ganin kalmomin mutumin Azare suna fitowa ɗaya bayan ɗaya a gabana, kamar yana bayana yana jan alƙalami. A gefen shafin nan muke muhawara. Kwana uku muka yi a kan sunan da za mu ba wurin ajiyar nan na intanet da Turawa ke kira da sunan gajimare. Ɗalibai suka ce a bar shi gajimare. Malama ta rubuta: "Ɗalibata za ta zaci ruwa za a yi. Ku ce rumbun intanet, kowa ya san rumbu." Ita ta yi nasara. Wata rana kuma yaron abokina na Gombe ya ɗauki wayar babansa ya goge mana shafi biyu cur. Hankali ya tashi, sai ɗaya daga cikin ɗaliban ya shiga tarihin gyare-gyaren takardar ya dawo da ita yadda take jiya da dare. Tun ranar nake koya wa duk ɗalibin da ya kawo mini aikin kammala karatu wannan dabara, don na sha ganin masu hawaye saboda filashi ta lalace.

Ganawa kuwa sai da lissafi. Zoom na kyauta yakan yanke ka a minti 40, Google Meet ya ba ka awa guda, shi ya sa muka zaɓe shi. Kyamara a rufe, murya kawai, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Bidiyon taro mutum ɗaya ke saukewa da tsakar dare, na kusa su zo shago su karɓa ta Xender. Bibiyar nan ce ma ta sa muka ji da wuri cewa Microsoft zai rufe manhajar kira ta Skype a Mayun 2025, na samu na mayar da wani dattijo da ke magana da ɗansa a Maleshiya kan wata hanyar tun kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na gida fa? Akwai matasan da ke shirya DevFest, taron masu haɗa manhaja, ga waɗanda suka fito daga 3MTT, shirin horar da matasa fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, kuma ina jinjina musu. Amma na je wani taro a wani zaure a garin nan, aka kwashe awa biyu ana gaisar da manyan baƙi, yarinyar da ta zo nuna manhajar da ta haɗa wa masu adashi aka ba ta minti goma. Babu wanda ya naɗi ko muryarta. Na Misau da na Dukku da ba su da kuɗin mota, shi ke nan sun yi asara. Waya ɗaya a kan tebur ta isa ta ɗauki sautin a ɗora a intanet.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, ɗan akwati ne a farkon kowane wata: sunan taro, rana, lokaci da agogon Najeriya, ko kyauta ne, ko za a iya kallo daga baya. A haɗa da na Bauchi da Gombe, ba na Legas da Abuja kaɗai ba. Idan kuma kuna buƙatar taƙaitaccen bayanin jawaban da Hausa, takardarmu tana nan, da ƙ da ɗ da ɓ ɗinta daram. Ka turo adireshin imel in buɗe maka ita, ka gyara abin da ka ga dama, ba mu neman ko sisi.

Naka mai karatu,
Mai shagon kwamfuta, Gwallameji, Bauchi