A Bambance Wa Ɗalibai Tsakanin "Sequence" da "Series"

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan kalmar Turanci "sequence", wadda ɗalibanmu na babbar sakandare ke haɗuwa da ita a darasin lissafi, kuma take fitowa a jarrabawar WAEC da NECO, amma galibi sai a ce musu ma'anarta "jeri" kawai a wuce.

Fassarar ba kuskure ba ce, sai dai ta gaza. Kalmar ta samo asali ne daga wani fi'ili na harshen Latin mai nufin bin baya, saboda haka abin da take ɗauke da shi shi ne abubuwa su zo bi-da-bi, kowanne a gurbinsa. Kwanukan da aka jera a ɗakin amarya jeri ne, amma in aka musanya biyu daga ciki babu abin da ya ɓaci. A "sequence" kuwa gurbin shi ne komai. Idan aka rubuta 2, 5, 8, 11, ana ƙara 3 ne a kowane mataki, kuma da wannan ƙa'ida ɗalibi zai gane cewa lamba ta 20 ita ce 59 ba tare da ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya ba.

Inda yara suka fi zubar da maki shi ne wurin rikita ta da "series". A lissafi, "series" jimillar lambobin jerin ce, wato 2 + 5 + 8 + 11, wanda ya ba da 26. Na sha duba takardun ɗalibai a ajina inda aka tambayi jimilla suka kawo lamba ta ƙarshe, kuma ban ga laifinsu sosai ba, tunda a maganar yau da kullum "series" na nufin fim mai dogon zango, mu malamai kuma muna kiran duka biyun da suna ɗaya.

Amfanin kalmar "sequence" bai tsaya a aji ba. Likitoci na amfani da ita wajen bayanin ƙwayoyin gado, waɗanda ake rubuta tsarinsu da haruffa huɗu, A, C, G da T. Cutar sikila, da ta addabi gidaje da yawa a ƙasar nan, ta samo tushe ne daga sauyin harafi ɗaya tak, inda T ya maye gurbin A a jerin da ke sarrafa sinadarin jan jini.

Shawarata ga malamai, da masu fassara a jaridu da gidajen rediyon Kaduna, ita ce a riƙa cewa "jeri bi-da-bi" ga "sequence", a ce "jimillar jeri" ga "series" a fagen lissafi. Idan masana Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna suna da kalmomin da suka fi waɗannan dacewa, ina fatan za su aiko wa wannan shafi domin mu ɗauka mu shiga aji da su.

Naku,
Wani malamin lissafi,
Tudun Wada, Kaduna.